Akushi Ɗaya da Ɗiyata

Duk faɗin Tawa, daga kasuwa har bakin tabki, babu wanda ya kai ni iya maganin tusar jaki. Na faɗa a majalisa, na faɗa a tasha, yau ga shi na rubuta. Ban taɓa riƙe allura ba, amma na warkar da mutum guda sukutum, kuma ɗiyar cikina ce.

Tana shekara bakwai abin ya tsiro mata. Ƙulli uku ne masu kaushi a bayan yatsun hannun dama, kowanne bai wuce ƙwayar dawa ba. Ba zafi, ba ƙaiƙayi. Amma gidanmu babban gida ne, yara takwas ke zagaye akushi ɗaya, kuma da hannun dama ake ci. Matan ƙannena suka yi shawara, suka ware mata tuwonta a wani ɗan kwano, can bakin turken awaki. Ranar na dawo na iske ta zaune, hannu cikin riga, tuwo ya huce ba ta taɓa ba.

Kafin mako ya zagayo, yayata ta sauka daga Kalfu da maganinta.

"Bayan jaki ta tsaya," in ji ta. "Kawo ta. A ɗora basilla a wuta, a tsire su, a ɗiga ruwan itacen aguwa. Kwana uku an gama."

"Yaya, hannun yarinya ne, ba buhun gero ba."

"Kai ma haka na yi maka!"

Na nuna mata tabon da ke babban yatsana, wanda har yau ya yi kama da bakin tsohuwar jaka. Na ce ai shi ya sa.

Na ɗora yarinyar a bayan babur muka tafi gidan likita. Majon, wato babban ma'aikacin jinyar wurin, wani dogo mai maganar ƙasa-ƙasa, ya juya hannun ya duba. Ya ce ƙwayar cuta ce ke shiga inda fata ta ɗan tsage, jaki bai san zancen ba. Kada a yanka, kada a ƙona, kada ta ɓantara da haƙori, don haka ne ke sa ta yaɗu. Ta riƙa wanke hannu da sabulu, a ware mata sosonta da tsumman goge jiki. In ta ƙaru ko ta fara ciwo mu dawo. In ba haka ba, mu yi haƙuri, da kanta take tafiya, ko da za ta kai shekara.

"Tuwo fa?" na tambaya.

Ya ce ba a cikin tuwo take tafiya ba, a rufe wurin da filasta in hankali bai kwanta ba.

Na kawo wannan labari gida kamar mai shelar ganin wata. Ba wadda ta motsa. Suka ce majo ba shi da ɗa a akushin.

To, ni ma na ƙi motsi. Washegari da azahar na sa aka kai mini akushina ƙofar gida, inda kowa ke wucewa, na kira yarinyar. Magidanci mai furfura a gemu da 'yar shekara bakwai, hannu biyu cikin miyar kuka ɗaya. Maƙwabta suka yi ta leƙe. Abokaina suka ce na rasa abokan ci. Yaya ta koma Kalfu ba sallama, da basillarta a kunne.

"Baba, in ka kamu fa?"

"In ta kuskura ta hau hannuna, ni zan cinye ta da miya."

Ta yi dariya, ta fiddo hannun daga riga.

Haka muka yi har damina ta wuce, aka yanke hatsi. Kowace safiya matan gida na duban yatsuna a fakaice, ni kuwa ina baza musu su goma kamar mai tallan zobba. Ko ɗigo bai fito ba. A wata na bakwai, wata safiya, yarinyar ta zo da gudu. Ƙulli biyu sun baje, na ukun ya yi baƙi yana shirin bin su. Da maraice yaran da kansu suka matsa suka ba ta wuri.

Na tsaya tsakar gida ina bayanin yadda na kori cuta ba wuta ba wuƙa. Uwar ɗiyar tana tankaɗe, ko kai ba ta ɗaga ba.

"Malam, yunwa ce ta kore ta. Wata bakwai kana cinye wa yarinya tuwo."