Nu'uman Mai Fenti da Littafin Beyar

Duk wanda ya girma tsakanin Gobarau da Ƙofar Guga ya ga aikin hannun yayana, ko da bai san shi ba. Shi ne Nu'uman Mai Fenti. Zakaran da ke allon mai sayar da abincin kaji, ragon da ke ƙofar mahauta, zakin da ke bayan manyan motocin katako, duk shi ya zana su. Ni ce Mairo, ƙanwarsa. Tun ina yarinya nake wanke masa burushi da kananzir, don haka ba labari aka ba ni ba.

Babanmu malami ne, ga shi da zafi. Ranar da ya kama Yaya yana zana doki da gawayi a bangon zaure, mun ɗauka kashinsa ya bushe. Amma Baba bai taɓa shi ba. Ya daɗe yana kallon dokin, don wallahi dokin ya yi kyau, sannan ya karɓi gawayin ya ja layi a wuyansa. Ya ce, "In dai sai ka yi, to duk mai ran da ka zana ka raba kansa da jikinsa, kada ka bar shi cikakke. Yi mini alkawari." Yaya ya yi masa.

Tun daga ranar bai taɓa zana dabba ba tare da layin nan ba, har bayan rasuwar Baba. Sai dai ya iya ɓoye shi. A wuyan rago layin ya zama igiya, a wuyan doki ya zama ɗamarar ado, a wuyan zakara ya zama farin gashi. Masu shaguna ba su taɓa lura ba, mu 'yan gida kaɗai muka sani.

Daga baya injin buga fosta ya shigo gari. Mutum ya kai hoto da safe, da yamma ya rataya ƙaton allon roba mai ƙyalli, wa zai zauna jiran fenti ya bushe? Aka yi ta sauke allunan Yaya ɗaya bayan ɗaya. Wata rana na raka shi dubiya Ƙofar 'Yandaka, muka dawo a ƙasa yana ta waige-waige ko zai ga aikinsa. Guda ɗaya muka gani, an yi ƙyauren garken awaki da shi, ragon yana tsaye ƙafafu sama. Yaya ya yi dariya. Ni kam ban ga abin dariya ba, har muka iso gida ina masifa.

Ɗansa Aliyu, da ke gyaran waya a Kaduna, shi ya kawo masa tabilet da alƙalaminsa na zane. Da farko Yaya ya raina abin, ya ce wane irin allo ne ba ƙamshin fenti. Amma ba a yi nisa ba sai ga tsoho ya manne masa, abinci ma sai an yi ta kira. Aliyu ya riƙa saka zanen a intanet. Ta nan wata baiwar Allah mai suna Bilkisu ta gani, tana aiki da wani ƙaramin kamfanin buga littattafan yara. Suna yin jerin littattafai ne na labari cikin zane a kan dabbobin duniya. An riga an raba wa wasu masu zane zaki da giwa da raƙumin dawa, saura beyar, ita ta ce Yaya ya zana.

Yaya ya ce, "Mi ne ne kuma beyar?"

Aliyu, da ya zo gida a lokacin, ya buɗe masa bidiyo. Wata ƙatuwar dabba ce ta ƙasashen sanyi, mai gashi buzu-buzu, tana tafiya kamar ƙaton mutum ya yi rarrafe. Labarin na uwa ne da 'ya'yanta biyu, sun fito daga kogo bayan sanyi ya wuce suna neman abinci. Yaya ya yi ta kallon yadda take ɗaga hanci, yadda take mangare ɗanta in ya yi rashin ji. Ya ce wannan sak ni ce da 'ya'yana. Na ce ya ji da shi.

A daidai lokacin ne likita ya gaya masa yana da hawan jinin ido. Na hagu ya riga ya tafi, na dama kuma yana bin sa, magani sai dai ya rage masa sauri. Ko matarsa bai gaya wa ba sai ni. Ya ce, "Mairo, duk abin da na zana a garin nan an goge. So nake in riƙe abu guda a hannuna da sunana a jiki, kafin idon nan ya ƙarasa." Bilkisu kuwa ta riga ta ce sunansa zai fito a bangon littafin.

Ya yi aikin, ya gama, ya tura. Shafukan sun yi kyau, har ruwan kogin da ya zana a ciki kamar ka ji sanyinsa. Sai Bilkisu ta kira, ina zaune, ya saka ta a sifika. Bayan doguwar gaisuwa ta ce, "Baba, aikin ya fi yadda muka zata. Amma mene ne wannan siririn layin a wuyan kowace dabba? Har 'yan jariran. Yara za su ɗauka yanka su aka yi."

Ai beyar ba ta da igiya, ba ta da ɗamara. Ba inda zai ɓoye layin, sai ya ja shi haka nan a fili.

Aliyu ya ce goge shi abu ne na minti kaɗan, shi zai yi da kansa. Yaya ya ce a'a. Ni kuwa raina ya ɓaci, na ce, "Haba Yaya, Baba yana kabarinsa, Allah ya ji ƙansa. Je ka tambayi malamai mana, akwai waɗanda za su ce littafin koyar da yara ba komai." Ya saurare ni har na gaji, sannan ya ce, "Ba malamai na yi wa alkawari ba." Taurin kan gidanmu ke nan, ni ma ina da shi, shi ya sa ya fi ƙona mini rai.

Bai haƙura da littafin ba. Ya koma kallon bidiyo har ya gano wata irin beyar baƙa, wadda Allah ya halitta da farin gashi a ƙirji kamar jinjirin wata. In ya ɗan ja farin ya zagaye wuya, layinsa ya samu mafaka. Bilkisu, Allah ya saka mata, ta yarda a canza, ta ce amma bayan Babbar Sallah dole su kai wa masu bugawa, in bai gama ba sai a ba wani. Matsalar ita ce Yaya yana zane a tabilet ne yadda yake yi a katako. Aliyu ya sha nuna masa yadda ake ware dabba daban, daji daban, don a iya canza ɗaya a bar ɗaya, shi kuwa komai a haɗe yake shafa shi. Dole ya faro daga shafin farko.

Ina zuwa kullum ina ganin yadda abin ke tafiya. Da farko ƙara girman hoton yake yi. Sai ya koma ƙure hasken allon, har cajin ba ya daɗewa. Sai ya zama hancinsa na kusan taɓa gilashin. Wata rana ya tambaye ni ko wannan kore ne ko ruwan ƙasa, mutumin da ke haɗa launi da ido tun kafin in yi wayo. Na fita tsakar gida na yi kukana na dawo.

Ana saura 'yan kwanaki Sallah na kai masa fura bayan la'asar. Na same shi a zaure ya duƙufa, alƙalami na tafiya a hankali, yana ɗan murmushi. Tun safe ba wuta a unguwar. Da na matso sai na ga allon baƙi ƙirin, cajin ya ƙare ban san tun yaushe ba, shi kuwa bai sani ba. Hannunsa na ta zagayawa, ina iya gane kunnen beyar, ga wuya, ga inda farin zai zauna. A nan na san littafin nan ba zai fito da sunansa ba, kuma ban taɓa jin baƙin ciki irin na ranar ba.

Ya ji motsina, ya juyo da allon wajena. "Mairo, duba uwar. Ta yi?"

Na ce, "Ta yi, Yaya."

Ya ce, "To ajiye furar, bari in ƙarasa ƙaramin ɗan."