Milimita Uku

Duk unguwar ba mai kiransa da sunan yanka. Kan-hanya ake ce masa, yara su ƙara da Baba, saboda duk sa'ar da ka buga masa waya ka tambaye shi inda yake, amsar ɗaya ce: "Ga ni nan kan hanya." Kuma ba ƙarya yake yi ba. Tun yana saurayi ƙafarsa ke ƙaiƙayi. Ya yi kwandasta, ya yi ɗinki na wata huɗu, ya yi kiwon kaji har kajin suka gaji da shi. Maiɗakinsa takan ce a shekara talatin da biyu da aurensu ba ta taɓa ganin ya shanye shayi a zaune ba.

Sana'ar da ta ɗan riƙe shi ita ce gyaran rediyo. Yana da wani ɗan ƙuƙut ɗin shago a bakin tasha, teburinsa cike da matattun batura da karyayyun eriya, ga warin dalma da ya kama labule ya ƙi fita. A can ma a tsaye yake aiki. Da wayoyi suka cika gari, kowa ya koma jin labarai a aljihunsa, sai rediyoyin suka daina zuwa. Ya rufe shagon, ya koma safa da marwa tsakanin gidansa da gonar ƙanensa, Auta, wanda ke noman masara a bayan unguwa. Daga gonar nan gidajen biyu ke ci.

Ana haka hukumar kula da sauyin yanayi ta yankin ta zo neman mutane. Damina ta daina cika alkawari, wata shekarar ta makara, wata ta zo ta ɗauke a tsakiya, su kuma suna so su san abin da ke sauka a kowace unguwa, ba abin da ake hasashe daga nesa ba. Suka kafa ma'aunin ruwan sama a filin makarantar firamare, wani gwangwani mai mazurari a kan turke, da kwalba mai zane-zanen lamba a cikinsa. Aikin ba shi da wuya: ƙarfe bakwai na safe ka cire kwalbar, ka duba inda ruwa ya tsaya, ka buga lambar a manhajar waya, ka zubar. Hedimasta ya ce a ba Kan-hanya, don ya san lamba, ya san na'ura, kuma ba ya barcin safe.

Maiɗakinsa ta yi dariya har da riƙe ciki. "Malam? Wuri ɗaya, lokaci ɗaya, kullum? Na ba shi sati biyu."

Ya yi shekara biyu. Abin ya ba kowa mamaki, har shi kansa. Yana son yadda kwalbar ke sanyi a hannu, yana son ya durƙusa ya daidaita idonsa da layin ruwan, yana son ɗan ƙaran da wayar ke yi idan saƙo ya tafi. A karon farko a rayuwarsa akwai wasu mutane a wani ofis da ke jiran maganarsa. Ko a wurin ɗaurin aure sai ya kawo zancen milimita, har abokai suka riƙa tsokanarsa wai shi ne mai ba gajimare izini.

Sai dai akwai abu ɗaya. Ranar da aka yi musu horo a ɗakin taro, zaman ya yi masa tsawo. Wajen azahar ya ce bari ya miƙe ƙafa, ya fita, ya zaga kasuwa, ya duba wani tsohon abokin ciniki, ya dawo ana rabon wayoyi. Abin da aka faɗa a bayansa bai ji ba, bai kuma tambaya ba. Saboda haka ranar da aka yi ruwa yakan aika lamba, ranar da kwalba ta kwana a bushe kuwa sai ya mayar da ita ya kama gabansa. A ganinsa rashin kunya ne ka ƙwanƙwasa wa manya ƙofa hannu rabbana. Me za ka ce musu? Babu? Ai sun fi ƙarfin a dame su da babu.

A damina ta uku ruwa ya sauka da wuri, kowa ya yi shuka, masara ta kai gwiwa, sannan sama ta rufe ruf. Kwana biyar, kwana goma, kwana ashirin. Ganye ya nannaɗe, ya yi fari-fari, ya soma karyewa a hannu. Auta ya rame a tsaye. Kullum Kan-hanya yana filin makaranta ƙarfe bakwai, ya leƙa kwalba, ya girgiza kai, ya wuce gona, ya dawo gida, ya sake komawa gona, ko ruwan sha ba ya tsayawa ya sha da kyau.

Rannan Auta ya shigo da saurinsa. "Yaya, ka ji hukuma za ta raba iri mai saurin nuna? Duk unguwar da fari ya kama za a ba ta, a sake shuka kafin damina ta ƙare. An liƙa sunayen farko a ofis. An ce babu mu."

"Babu mu kamar yaya? Su waye suka fi mu bushewa?"

"Kai zan tambaya. Ba kai ne bakinmu a wurinsu ba?"

Ko hula bai ɗauka ba ya fita. Mota biyu ya hau, ta biyun ma ya sauka tun kafin ta gama tsayawa. A ofishin aka nuna masa benci, ya ce ya gode, ya yi ta kai-komo a baranda har aka kira shi wurin jami'ar da ke haɗa lambobin. Mace ce mai sanyin magana, gilashinta a kan hanci. Ta juyo masa da allon kwamfuta. Taswirar yankin ce, an yanka ta gida-gida, wasu kore, wasu ja. Ta sa bakin biro a kan wani ɗan gida mai launin toka.

"Baba, nan ne unguwarku. Ja yana nufin fari. Toka yana nufin ba mu sani ba. Kwana ashirin da uku ba mu ji daga gare ka ba. Har mun ɗauka ko ba ka da lafiya."

"Malama, lafiyata ƙalau. Kullum ina wurin. Ruwan ne babu."

"To, ai babun za ka aiko. Sifili. Shi ma lamba ne, Baba, a irin wannan lokacin ma ya fi kowace lamba muhimmanci. An faɗa ranar horo."

Ya tuna kasuwar, ya tuna tsohon abokin cinikin da suka yi ta hirar banza a kan wata rediyo. Kunya ta kama shi irin wadda bai taɓa ji ba, shi da furfurarsa, a gaban yarinyar da ya haifi kamarta. Ya ce to su tambayi tauraron ɗan'adam mana, ba an ce yana ganin komai ba? Ta ce yana ganin gajimare, kuma gajimare ya yi ta wucewa ta kansu ya je ya zuba a bayan tsauni, inda ma'auni na kusa yake. Abin da ya taɓa ƙasa kuwa, sai mai kwalba.

"To, a ba ni in buga su yanzu. Duka ashirin da ukun. Na rantse da Allah ko ɗigo ba a yi ba."

"Na yarda da kai. Amma manhajar kwana bakwai kawai take bari a koma baya, don kada mutane su riƙa cike lambobi da ka. Ni ma ba ni da ikon buɗe ta." Ta ƙirga a yatsunta. "Ka'idar ita ce kwana goma sha huɗu a jere ba ruwan da ya kai milimita ɗaya. Ka sa bakwai yau. Ranar Juma'a mai zuwa da hantsi za a rufe sunaye. Idan har safiyar Juma'ar ba a yi ruwa ba, kun cika sha huɗu cif, kun shiga."

A tsaye ya buga sifili bakwai.

Satin da ya biyo baya shi ne mafi muni a rayuwarsa. Ya gaya wa Auta gaskiya tun a ranar. Auta ya dube shi kawai, ya ce, "Allah Ya kyauta," wanda ya fi zagi ciwo. Masarar ta riga ta mutu, ko an yi ruwa ba za ta tashi ba, kuma irin da suke da shi na wata huɗu ne, damina ba ta da sauran wata huɗu. Sabon irin ne kaɗai mafita. Sai ga Kan-hanya, wanda ya yi wata guda yana roƙon ruwa, ya rasa abin da zai roƙa. A masallaci idan liman ya roƙi ruwa, kowa ya ce amin, shi sai ya kasa cewa amin ɗin. Yana fitowa ya ɗaga kai sama. Ya shiga ɗaki, ya fito ya sake ɗaga kai. Maiɗakinsa ta ce, "Malam, za ka karya wuyanka. Don Allah zauna ko na minti biyar ne." Ya zauna na minti ɗaya.

Takwas, tara, goma. Kowace safiya sifili, kuma yanzu sai ya buga ya tsaya ya ji ƙaran tafiyar saƙon sannan ya numfasa. Sha ɗaya, sha biyu, sha uku. Labari ya riga ya zaga unguwa, manoma kan tare shi a hanya, "Kan-hanya, saura nawa?" Ba wanda ya ƙara yi masa wasan gajimare.

Ranar Alhamis da la'asar iska ta juya. Yana tsakar gida ya ji ƙanshin ƙasa. Yayyafi ya soma buga kwanon rufi, ya ɗan yi ƙarfi, yara suka fito suna ihu, mata suka kwashe shanya. Bai kai rabin awa ba ya ɗauke. Ya fita ya tona ƙasa da yatsa: zurfin gaɓar yatsa ɗaya kawai ya jiƙe, ƙarƙashi busasshe ƙamas. Ruwan da ba zai raya ko ciyawa ba.

Da safe ya tarar Auta ya riga shi zuwa filin makaranta, yana tsaye jikin turken, hannu a baya. Ba kowa sai su biyu, ɗalibai ba su fara zuwa ba. Kan-hanya ya cire mazurari, ya zaro kwalbar, ya durƙusa ya daidaita ido. Ya sake dubawa. Ya juya ta wajen haske ya sake dubawa.

"Nawa?" in ji Auta.

"Uku."

Auta ya matso, ya rage murya. "Yaya, zubar da shi. Wa ya gani? Ka buga sifili. Ai ba ƙarya ba ce, fari muke ciki, kowa ya sani. Kwana talatin ke nan."

"Na sani."

"To, buga mana. Gida nawa ne a unguwar nan? 'Ya'yanka da nawa me za su ci?"

Kan-hanya ya miƙe da kwalbar a hannu. Ya taka zuwa bakin aji, ya dawo. Ya taka zuwa gindin tuta, ya dawo. Gaskiyar Auta ce, fari suke ciki, kuma shi ya jawo musu wannan. Yana so ya zubar, wallahi yana so, hannunsa har ya ɗan karkata. Amma shekara biyu duk lambar da ya aika abin da idonsa ya gani ne, kuma da ita ake gaya wa na ƙasan kogi ko su kwashe kaya, ake gaya wa wasu ko su yi shuka. Idan ya buga abin da ba shi ba yau, to gobe lambarsa ta zama ra'ayinsa. Sakaci ya yi, ya yarda. Wannan kuwa da idonsa biyu zai yi shi.

Ya fito da wayar. Ya buga uku. Wayar ta yi ɗan ƙaranta.

Auta ya daɗe yana kallonsa. Idonsa ya kaɗa ya yi ja. "Kwana ashirin da uku ka yi shiru muna ƙonewa, ba ka ji tsoron Allah ba. Sai yau?"

"Zan koma ofis yanzu. Zan gaya wa jami'ar duka. Zan kai mata ƙasar ta gani da idonta."

"Je ka."

Auta ya juya ya nufi ƙofar makarantar. Kan-hanya ya ƙwala masa kira sau biyu, bai waiwayo ba. Ya zubar da milimita ukun a gindin turke, ƙasa ta shanye nan take. Ya mayar da kwalbar, ya ɗora mazurari, ya cire hularsa, ya tona ya cika ta da busasshiyar ƙasar ƙarƙashi, ya ruga bakin titi yana ɗaga wa mota hannu, hawaye na zuba, ko sharewa bai yi ba. Saura awa uku a rufe sunaye.