Mai Rufe Wasan Alhajin Kumasi

Na daɗe ina ɗage wannan rubutu. Na fara a waya na goge, na sake farawa na sake gogewa. Ni a firamare na tsaya, kuma abin da zan faɗa wasa ne, mutane da yawa za su ce bai kai a ɓata takarda a kansa ba. Sannan ina tsoron in ambaci mutum a inda ba ya so a ambace shi, shi ya sa ba zan kama sunan kowa ba. Lokaci ne ya matse ni, kuma ban ga wata hanya ba.

Ina aiki a wani ofishin kago a Xiaobei, cikin Guangzhou. 'Yan kasuwa su sayo kaya su kawo, mu auna, mu ɗaure, mu sa alamar mai shi a jikin kwali, mu tura. Ni ne mai ɗauri. In na gama kwali sai na koma na duba, wani lokaci in yanke salatef in sake, don zuciyata ta ce akwai kusurwar da na bari. Abokan aiki sun gaji da yi mini dariya.

A nan na san Alhaji. Mutumin Kumasi ne, ya girme ni sosai, jakunkunan mata yake saya ya tura gida. Kafin ya zo ƙasar Sin ya yi shekaru yana tuƙa tasi a Amurka, kuma rediyon mota ne ya koya masa besbol. Wasa ne na jifa da duka: wani ya jefo ƙaramar ƙwallo, wani ya maka mata kulki ya ruga da gudu. Wasan da ake yi can da yamma, mu da safe yake zo mana, kafin shaguna su buɗe. Sai Alhaji ya zo ya zauna kan kwali a ƙofar ofishinmu, waya a hannu, yana faɗa da mutanen da ba sa jin sa.

Akwai wani Basine mai shagon murfin waya a benen da ke kusa da mu, muna ce masa Lawban, wato maigida. Ya yi karatu a Amurka, shi ma ciwon ya kama shi. Shi ya haɗa wasu abokansa suna yin fantasi na besbol, irin wanda samarinmu suke yi na ƙwallon ƙafa. Kowa ya tsinci 'yan wasa na gaske daga kulob daban-daban ya haɗa ƙungiyarsa a waya, abin da suka yi a fili shi ne makinsa. Wata shekara mutum ɗaya ya fita, Alhaji ya waiwayo ni.

“Bakano, zo ka cike mana gurbi.”

“Alhaji, ni ko dokar wasan ban sani ba.”

“Wa ya sani? Shi Lawban ɗin da kake gani, bakin ne kawai.”

“Ba caca ba ce?”

“Ko sisi ba a sawa. Wanda ya ci ya sami bakin magana. Wanda ya zo ƙarshe a yi ta yi masa dariya har shekara ta zagayo.”

Bayan sallar Juma'a na tambayi wani malami, ya ce in ba kuɗi kuma bai hana salla ba, babu laifi. Juma'ar da ta biyo na tambayi wani daban, don ina ganin ban yi wa na farko bayani sosai ba. Sannan na shiga.

Dokar da ta jawo wannan rubutu ita ce, in kakar wasa ta ƙare, kowa yana riƙe 'yan wasa biyar daga cikin nasa, sauran ya sake su a koma a yi sabon zaɓe. Sunayen biyar ɗin ana tura wa Lawban ne jim kaɗan bayan sabuwar shekarar Sinawa, kafin a fara sabuwar kaka.

Alhaji yana da wani mai jifa da yake kira ɗansa. Aikinsa rufe wasa ne. Kowane kulob yana da mutum guda da ake ajiye wa zagayen ƙarshe, in ana gaba da ɗan tazara sai a sa shi ya hana a rama. A fantasi wannan rufewar ce take kawo maki mai yawa, kuma mutum guda ne yake samun ta a kulob. Ɗan Alhaji a wani ƙaramin kulob yake, marar kuɗi. Alhaji ya ɗauke shi tun ba wanda ya san shi, kuma duk shekara sunansa ne na farko a cikin biyar. In ya shigo fili Alhaji yakan miƙe daga kan kwali, ya ce, “Ku tashi, an kulle ƙofa.”

A ƙarshen kakar waccan shekara aka ƙi sabunta wa Alhaji biza. Ba sabon abu ba ne a Xiaobei. Ya ce zai je gida ya nemo wata. Ya kawo kayansa na ƙarshe na ɗaure, sannan ya karɓi wayata ya shigar mini da ƙungiyarsa.

“Riƙe mini, Bakano. Kada ka bari Lawban ya yi maka daɗin baki da musaya. Kafin su gama hutun shekararsu na dawo.”

“Alhaji, in wani abu ya taso fa?”

“Me zai taso? Ana sanyi, ba a wasa. Kai dai ba ka rasa abin damuwa.”

Bayan tafiyarsa mun yi magana kaɗan. Daga nan saƙonnina suka daina samun amsa, layinsa na nan ya mutu. Sai na lura ban taɓa karɓar lambarsa ta gida ba. Kullum yana ƙofar ofis, ban ga dalilin tambaya ba.

Cikin sanyin nan da ya ce ba abin da zai taso, aka sayar da ɗansa. Wani babban kulob mai kuɗi ya ɗauke shi. Ni ban san cewa lokacin da ba a wasa ne kulob-kulob suke cinikinsu ba. A cikin ƙungiyar Alhaji huɗu ba shakka a kansu, gurbi na biyar ne ya rage, kuma mutum biyu suke nemansa: ɗan nasa, da wani matashi mai duka wanda shi ma aka musanya shi, amma daga babban kulob zuwa ƙarami.

Lokacin hutun sabuwar shekara ne. Masana'antu sun rufe, Sinawa sun tafi garuruwansu, benayen kasuwa an ja ƙofofi. Titin Huanshi Lu da ba a iya tsallakawa sai ka ga mota ɗai-ɗai. Ba kwalin da zan ɗaure. Na je wani gidan abinci na halal da bai rufe ba, na tarar da wani ɗan kasuwar Kwari da hutun ya rutsa da shi, na ba shi labari don ba ni da wanda zan ba.

Ya ajiye cokali. “Malam, babban kulob ya saye shi, kana tambaya? Yaron da ya bar ƙauye ya shiga birni? Ai farashinsa ya ninka.”

“Shi ɗayan fa?”

“Wanda aka koro? Kayan da babban dila ya ƙi, kai za ka ajiye a shago? Kai kam ba za ka yi kasuwa ba, ci gaba da salatef ɗinka.”

Ni ma haka na gani. Duk wanda ya tashi da ƙwallon ƙafa haka zai gani. Na ji sauƙi na wuni guda, sannan zuciyata ta fara cewa akwai abin da ban duba ba.

Da Lawban ya dawo daga garinsu na je shagonsa. Da guntun Turancina da nasa muke magana. Na ce masa ɗan Alhaji ya yi daraja. Ya girgiza hannu.

“Meyo, meyo. Babu. Kulob ɗin da ya saye shi suna da mai rufe wasa tun da, kuma ba za su cire shi ba. Mutumin Alhaji zai shigo kafin zagayen ƙarshe, ya yi aikin wuya, wani ya zo ya kwashe maki.”

“Amma hannunsa bai canza ba.”

“Hannu na nan. Kujera ce babu.”

Ya ce shi kuwa matashin, a babban kulob benci yake zama, amma inda aka kai shi ba wanda zai tare masa wuri, kullum zai buga. Kuma filinsu a kan tudu yake, iska ba nauyi, ƙwallo tana tafiya nesa.

“Ni abokin hamayyarka ne, da shiru na yi da ya fi mini,” in ji shi. “In ka saki matashin, ni zan ɗauka. Na gaya maka.”

Na koma ɗaki. Da ƙungiyata ce da ba wuya. Amma ta wani ce, kuma ban san wanne Alhaji zai zaɓa ba. Na san yana son ɗan nasa. Na kuma san yana son cin Lawban fiye da abinci, na taɓa ganin ya saki wani da ya daɗe yana yabo, ko waiwaye bai yi ba. Na tura masa saƙo mai tsawo, na bayyana komai yadda Lawban ya bayyana. Saƙon yana nan har yau, ba a buɗe ba.

A ƙarshe na ga cewa abin da aka ba ni ajiya ba ni da ikon canza shi don ina ganin wani ya fi. In Alhaji ya dawo ya tarar da ƙungiya mai rauni, zai iya gyarawa. In ya tarar ɗansa yana hannun wani, ba zan iya dawo masa da shi ba. Na tura sunan mai jifan. Na zaci zan ji wani abu bayan na tura, nauyi ko sauƙi. Ban ji komai ba. Na wanke kofi na kwanta.

Kaka ta zo yadda Lawban ya faɗa. Da safe nakan zauna a ƙofar ofis in buɗe waya. Ɗan Alhaji ya shigo kafin ƙarshe, ya yi jifa mai kyau, ya koma ya zauna, wani ya rufe. Matashin kuwa yana hannun Lawban yana ta duka. Lawban bai taɓa tsokana ta a kai ba, wannan ma ya dame ni. Kullum sai na fara jera 'yan wasan Alhaji kafin nawa. Makon da ƙungiyata ta haɗu da tasa na rasa wadda zan so, sai na jera duka biyun iya sanina na kife wayar. Ta Alhaji ta ƙare kakar kusa da ƙasa. A zauren hirarmu ba wanda ya yi dariyar da aka saba yi.

Na tambayi mutanen Gana da ke zuwa da kaya. Wani ya ce ya ji ya koma sayen kaya a Dubai. Wani ya ce ba shi da lafiya. Wani ya ce wane Alhaji, ai suna da yawa. Na daina tambaya na ɗan lokaci, na ci gaba da ɗauri.

Yanzu sanyi ya sake zagayowa, kuma an sake sayar da mai jifan. Wannan karon wani ƙaramin kulob ne ya ɗauke shi, wanda mai rufe musu wasa ya tafi. Lawban da kansa ya sauko ya nuna mini a wayarsa, ya ce darajarsa ta dawo, ƙila ma ta fi ta da. Na duba hoton mutumin cikin sabuwar riga. Na ce to.

Sannan ya faɗi abin da ya kawo shi. Ya ce mutum ɗaya ba ya riƙe ƙungiya biyu, bara ya kau da kai saboda Alhaji, bana sauran sun yi magana. Akwai wani abokinsa da yake jiran gurbi. In ranar tura sunaye ta zo Alhaji bai yi magana da bakinsa ba, ƙungiyar ta zama ta wancan.

“In na ba shi tawa fa, na riƙe ta Alhaji?”

“Ana iya. Amma ta zama taka, sunanka zan sa. Ba ajiya kuma.”

In na yarda, na mallaki abin da aka ba ni riƙo ba da izinin mai shi ba. In na ƙi, ya tafi hannun wanda bai taɓa ganin Alhaji ba. Na juya maganar ta kowane gefe, duk inda na tsaya sai in ga bai yi ba. Fitilun sabuwar shekara an fara rataye su a bakin benaye.

Don haka nake roƙon mai karatu, musamman na zangon Kumasi da na Akara, da masu zuwa Dubai sayen jaka. Dattijo ne dogo, yana ɗan ɗingisa ƙafar hagu, yana sa tabarau mai igiya a wuya. In kun san shi, ku gaya masa an mayar da ɗansa zagayen ƙarshe, kuma kalma ɗaya ake jira daga gare shi kafin a gama hutu. In ba ya son wasan kuma, ya faɗa, ba komai, in dai na ji daga bakinsa. In kuwa Allah ya yi masa rasuwa, ku taimaka ku sanar da ni a inda kuka karanta wannan, ku gaya mini ko ya bar wanda zan tambaya.