Ƙofar da Balaraba Ta Toshe

Balaraba mai dakan fura ce a Ƙafin Maiyaki. Katanga ɗaya ce tsakanin gidanta da na yayyenta, da 'yar ƙofa a jiki. Tun da ta yi ciwon damuwa bayan rasuwar mijinta, ta nan dangi suke faɗo mata ba sallama, su ga ko "abin nata" ya motsa. In ta yi dariya, a ce ya tashi. In ta yi shiru ma, a ce ya tashi.

Shekara huɗu tana haɗiyewa. Ranar da 'yarta Husna ta tambaye ta ko ana gadon hauka, sai ta ajiye taɓarya, ta kwaɓa ƙasa, ta toshe ƙofar da hannunta.

Babban wanta Garzali ya ɗaga murya ta bayan katanga. "Balaraba, zumunci za ki yanke?"

"A'a, Yaya," ta ce, tana shafe laka. "Ƙofar waje tana nan. Mai son ganina ya zagayo, ya yi sallama kamar kowa."

Wata bakwai ke nan ba wanda ya zagayo. Ita kuwa barcinta take yi har da minshari.