Gardamar Harsashi a Karantina

Lokacin da nake tuƙa motar wani attajiri a unguwar Abhur ta Jidda, a unguwar Karantina nake kwana, ɗaki ɗaya da kawuna. Daga Nijar ya zo, ya yi farauta a ƙuruciyarsa, a Jidda kuma gadin wani sito yake yi. Maƙwabcinmu tela ne, Bahaushen Sudan, wanda bai taɓa kashe ko ɓera ba, amma ba ya rabuwa da mujallun Larabci na maharba. Kullum bayan la'asar, da an ɗora shayi, sai su buɗe gardamar harsashi.

"Wallahi ya akhi, sabon harsashi miƙewa yake kamar zare," in ji tela. "Iska ba ta karkatar da shi, nisa ba ya gajiyar da shi."

Kawu ya ce, "Malam, barewa ba ta karanta mujalla. Da tsohon na ci nama. Bature kawai yake sake wa harsashi suna don ya sayar maka da sabuwar bindiga."

Su biyun kuwa babu mai ko danƙon harbin tsuntsu. Baƙo mai zama da iƙama, wato takardar izinin zama, ina shi ina makami?

Wata shekara da sanyi ya shigo, kafilina, wato attajirin da nake wa tuƙi, ya sayo sabuwar bindiga daga waje, irin wadda tela ke yabo, ya shirya fita daji da abokansa. Ya ɗauko har da tsohuwar bindigar mahaifinsa. Ya ce in samo mutum biyu da za su kafa tanti su yi girki. Ban yi nisa wajen nema ba.

Mun wuni muna zagaye cikin rairayi. Aka harbi zomo da sabuwar, aka sami dutse. Aka harbi wani da tsohuwar, aka sami ƙaya. Da muka sauka na ba kafili labarin gardamar, ya yi dariya har da tari, ya sa na ɗora gwangwanin madara kan wani dutse.

"Yalla ya Hajji," ya ce wa kawu, "ku raba mana gardamar nan."

Kawu ya karɓi tsohuwar, ya shafa ta, ya yi bisimilla, ya kanne ido, ya harba. Gwangwani yana nan. Ya ce zafin Jidda ne ya kashe albarushin.

Tela ya karɓi sabuwar, ya riƙe ta sako-sako nesa da kafaɗa, kamar an ba shi jaririn wani. Da ta tashi ta tokare shi, ya zauna daɓas, hularsa can, takalminsa can. Gwangwani ko motsi. Ranar kajin kanti muka ci da shinkafa.

Tela ya jima bai iya riƙe almakashi ba. Amma sai ya riƙa buɗe kafaɗarsa da ta kumbura yana nuna wa masu shayi. "Kun ga abin da ya yi wa mai harbi. To ina ga wanda aka harba?"

Ba a daɗe ba harsasan sabuwar da kafili ya zo da su suka ƙare. Na zaga da shi duk inda ake sayarwa, babu irinsu, tsofaffin kuwa ga su nan jibge. Halas, shi ke nan, ya rataye bindigar a falo ta zama ado. Da kawu ya ji, ko takalmi bai tsaya sawa ba, ya nufi shagon tela da albishir.

Tela bai ɗago kai daga keken ɗinki ba. Ya ce, "Ai dama abu mai kyau ne ke ƙarewa a kasuwa, Baba."