Makulli a Gidanmu, Ƙarfe a Jigwada

Motar ta girme ni nesa ba kusa ba. Baƙa ce, mai dogon hanci, da matakala a gefe inda mutum zai tsaya ya riƙe ƙofa. Wani Bature ne ya bar ta da zai koma ƙasarsu dab da samun 'yancin kai, Babana da amininsa suka haɗa hannu suka saye ta. Baba akawu ne a ofishin En'e, gidanmu na unguwar Liman Abaji a Keffi. Amininsa kuwa malamin makarantar mishan ne, Kirista, Bagwandare ɗan Gitata, yana zaune a unguwar Jigwada. Mu yara Baban Jigwada muke ce masa. Su a tsakaninsu, wannan Akawu ne, wancan Ticha.

Ita wannan mota ba ta tashi da makulli kaɗai, kik ɗinta ya mutu tun a hannun Baturen. Sai an murɗa makulli a ciki, sannan wani ya zura wani lanƙwasasshen ƙarfe ta hancinta ya juya da ƙarfin tsiya, ta yi tari, ta yi atishawa, kafin ta yarda. To, da suka zo rabon mota, ba su raba kwanaki ba. Baba ya ɗauki makulli, Ticha ya ɗauki ƙarfen. Motar tana kwana a ƙofar gidanmu, ƙarfen yana kwana a ƙarƙashin gadon Ticha.

Mutane sun yi ta dariya. Innarmu ma takan ce, "Wannan wace irin wahala ce, manya da ku? A kai wa maƙeri ya ƙera na biyu mana!" Baba ya yi kamar bai ji ba. Duk wanda ke son mota a unguwa, mai kai amarya ne, mai ɗauko doya daga gona ne, ko mai mara lafiya, sai a tura a gaya wa Ticha. Can sai ga shi a kan keke, ƙarfen ɗaure a kariya, yana kwaɗa sallama tun daga bakin layi da Hausarsa ta Gwandara. Kafin a tayar da mota sai sun sha fura, sun yi gardamar siyasa, mai amarya yana tsaye yana cizon yatsa. Ban taɓa ganin mako ya wuce ba su haɗu ba.

Da na gama kwalejin horon malamai, Yayana yana Kaduna wurin aiki, ni aka koya wa tuƙi. Unguwa ta ɗauka, wai 'yar Akawu ta zama direba. Na ce su yi ta yi, in matansu na naƙuda ai ni za su nema, kuma ni ɗin suka nema. Baba ya koya mini sitiyari da giya. Ticha ya koya mini ƙarfe. "'Yata, kada ki naɗe babban yatsa a kansa," in ji shi. "Ajiye shi gefe ɗaya da sauran. In ta yi tutsu ta mayar da ƙarfen baya, hannun za ta karya miki." Ranar da aka koma tuƙi a hannun dama, su biyun suka zauna a baya, ɗaya na ihun "Dama!", ɗaya na salati, har muka zagaye kasuwa muka dawo.

Sai kuɗin man fetur ya shigo ƙasa. Ma'aikata suka sami ƙarin albashi, Keffi ta cika da sababbin motoci da babura. Yaya ya zo hutu da tasa sabuwa dal, ya tarar da mahaifinsa zaune a dakali yana jiran tsoho ya kawo ƙarfe a kan keke. Abin ya yi masa ciwo. Allah ya sani da kyakkyawar niyya ya yi, amma Yayana mutum ne da in ya ga abu a karkace sai ya miƙe shi, ko da a karkacen ake son sa. Bai tambayi kowa ba, ya kawo bakanike aka sa sabon batir da sabon kik. Ya miƙa wa Baba makulli yana washe baki. "Baba, murɗa ka ji. Daga yau ba sai an wahalar da kowa ba."

Baba ya murɗa, mota ta tashi. Ɗanka ya yi maka hidima a gaban maƙwabta, me za ka ce? Ya sa masa albarka. Na ga fuskarsa dai, ba ta mai murna ba ce.

Washegari aka zo neman mota za a kai wata maƙwabciya asibiti, na ja muka tafi. A hanya muka yi kiciɓis da Ticha a kan kekensa. Ya sauka ya tsaya a gefen titi yana kallon motar tana tafiya, alhali ƙarfenta na ƙarƙashin gadonsa. Na ɗaga masa hannu, ya ɗaga mini. Matar tana nishi a baya, ba halin tsayawa.

Da yamma sai ga matar Ticha da ƙarfen, an goge shi da mai an naɗe a cikin tsumma. Ta ce Ticha na gaisuwa, ya ce a haɗa da sauran kayan mota. Ta sha ruwa ta tafi.

A nan aka yi ɓatan. Shi Ticha ya ɗauka an gaji da jiransa ne, aka sallame shi cikin mutunci, don haka ya mayar da kayan mutane kafin a tambaya. Shi kuma Baba ya ɗauka wanda ya dawo da rabonsa ya fita daga tarayya ke nan, bin sa da magana roƙo ne. Na yi magana har bakina ya gaji. "Baba, ka je ka gaya masa aikin Yaya ne!" Ya ce, "In tona ɗana a gaban mutane? Ai ya san hanyar gidan nan." Na je Jigwada na yi bayani. Ticha ya yi murmushi ya ce, "'Yata, mota ta warke, ai abin godiya ne. Ki gaishe da Akawu." Wallahi ranar kamar in haɗa kawunansu in gwara. Ba faɗa suka yi ba, da faɗa ne da an sasanta. In sun gamu a wurin jana'iza ko suna sukan gaisa har da tambayar iyali. Furar ce dai ba a ƙara sha ba.

Ticha ya yi ritaya ya koma Gitata. Shekaru suka shuɗe. Motar ta zama abin kallo, yara na bin mu suna tafi, masu sababbin motoci na yi mana oda. Baba ya ƙi sayarwa, ya ce ba tasa ba ce shi kaɗai. Ƙarfen yana nan a naɗe a bayan ƙofar ɗakinsa.

Wata safiya aka kawo labari Ticha ya faɗi, ɓarin jikinsa ya shanye. Baba ya shiga ɗaki ya fito da tsumman nan a hammata. "Tashi ki kai ni Gitata."

Mun same shi an jingina shi a gindin mangwaro, hannun dama a kwance kan cinya. Baba ya zauna kusa da shi, ya kwance tsumman ya ɗora masa ƙarfen. "Ticha, ga kayanka. Ba ni na sa a gyara ta ba."

Ticha ya daɗe yana shafa ƙarfen da hannun hagu. Maganarsa ta yi nauyi, amma mun ji. "Na sani, Akawu. Tun a ranar yarinyar nan ta gaya mini. Jira nake ka faɗa da bakinka." Ya dubi hannunsa na dama. "Ka kawo shi, ga hannun ya tafi."

Na koma bayan mota na yi kukana. Baƙin ciki ne da haushi a haɗe, don maganar da ta hana su zama tare duk shekarun nan ba ta kai tsawon gaisuwa ba.

Da za mu tafi na kai hannu zan yi kik, Baba ya riƙe ni. Ya karɓo ƙarfen ya ba ni. Na zura shi a hancin motar, na gyara zani na duƙa. Sai na ji muryar Ticha daga gindin mangwaro, a hankali: "'Yata, babban yatsa."

Na ajiye yatsan gefe ɗaya da sauran, na juya, ta tashi. Baba ya zare ƙarfen ya mayar masa kan cinya. Ba mu sake samun Ticha da rai ba, kuma Baba bai ƙara barin kowa ya taɓa makullin ba. A ƙofar gidanmu tayoyin motar suka sace.