Gogen Baba

A shekarar da 'yan ƙwallon Najeriya suka ciwo zinare a Amurka, ina aikin shara a wani sito na Birnin Masana'antu na Biyu da ke Riyadh. A shekarar ce kuma na fara haɗa baƙi, da furfura a gemuna.

Kaset guda na zo da shi Riyadh. Mahaifina makaɗin goge ne. Ina goye wasu Turawa suka ɗauki kiɗansa a faifai. Kafin faifan ya fashe, yayana ya kafa rikoda a bakin garmaho ya kwashe waƙoƙi huɗu. Sautin kamar ana suyar gyaɗa. A tsakiyar ta biyu Inna tana tari, tana cewa a kori akuya. Baba da Inna da Yaya duk ƙasa ta rufe musu ido.

Wata Alhamis a unguwar Al-Badi'a na wuce shagon kaset, na ji ganguna da kukan tsuntsaye suna tashi garau. Mai shagon, Ba'indiye, ya ce kiɗan ya girme shi, Turawa ne suka tono tsofaffin faifai suka wanke su. Na ce a raina, ashe ana wanke sauti.

Larabcina na wurin aiki ne. Kullum mudir, shugabanmu a sito, yakan nuna tebur ko gilashi ya ce "imsah", in goge ya yi fes. Sai na kawo wa Ba'indiyen kaset ɗina, na yi "shhh" da baki don ya gane ƙarar da nake nufi, na ce, "Imsah, sadik."

"Kullu?" ya tambaya.

"Kullu," na ce. Duka.

Bayan la'asar na karɓa, na koma ɗaki na saka a rikoda. Shiru. Na juya bayansa. Shiru. Na ƙure murya har lasifika ta fara huci.

Abokin ɗakina, wani direba Bakatsine, ya tashi zaune. "Malam, me ka ce masa?"

Na faɗa masa.

"Inna lillahi! Ai share shi ka ce a yi. Larabcin tsintsiya ka kai shagon kaset?" Ya so yin dariya, da ya dubi fuskata ya haɗiye.

Na koma da gudu. Ba'indiyen ya buɗe tafin hannu, ya ce abin da inji ya share ba ya dawowa. Na riƙe gefen kantarsa ina roƙo da Hausa, har masu saye suka ja baya.

Daga nan na shiga bin shaguna. In Turawa na tono faifai, wata rana za su tono na Baba. Nakan tsaya ina bin bangon kowane kaset da yatsa, harafi bayan harafi, har a gaji da ni. Kalmar da na fara karantawa ba tare da malami ba ita ce Afirka. Na sayi kaset ɗin da aka rubuta ta a kai.

Birai ne ke kuka a ciki, da tsuntsaye, da ganga wadda ba ta kiran sunan kowa. Direban ya ce, "Wannan Afirkar a wace jiha take?" Na tambayi masu shagunan inda aka samo asalin kiɗan. Wannan ya ce daga wancan ya kwafa, wancan ya ce a kwali ya zo.

Da na gaji, na danna jan maɓalli na rera da bakina a kan kaset ɗin da aka share. Waƙar farko ta zo. Ta biyu ta tsaya daidai inda Inna take tari, na kasa wucewa.

Abin da ya tafi: waƙa biyu da rabi, gogen Baba duka, tarin Inna, da ƙarar yatsan Yaya lokacin da ya kashe rikoda.